Ƙwan Lantarki da Ƙwan Kaza

Duk mai zuwa masallacin unguwa ya san Magariba ba ta tsayawa wuri guda. A Kano, cikin watan Nuwamba, ƙarfe shida na bugawa ladan zai kama lasifika. A watan Yuli kuwa sai bakwai ta kusa cika. Mun san haka, har liman kan sa yaro ya gyara allon lokutan salla, amma ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Ka tambayi Bahaushe abin da ya raba damina da hunturu, zai ce maka ruwa, zai ce sanyi, zai kawo hazo da ƙura da faso. Da wuya ka ji ya ambaci tsawon yini. Ba laifinsa ba ne, domin bambancin bai taka kara ya karya ba. Yini mafi tsawo a Kano, wajen 21 ga Yuni, awa 12 ne da minti 50. Mafi gajarta, wajen 21 ga Disamba, awa 11 da minti 25. Tazarar duka ba ta cika awa ɗaya da rabi ba. A Legas kimanin minti 45 ce kawai, sai ka nausa arewa har Agadas kafin ta kai awa biyu.

To amma wannan ɗan abin da muka raina, akwai masu lissafi da shi a cikin gidajenmu. Suna can bayan ɗaki, cikin akurki.

Kajin Goggo ne suka sa na tsaya na dubi lamarin da kyau. Goggo ƙanwar mahaifina ce, kuma tun da maigidanta ya rasu, Allah Ya jiƙansa, take neman abin da zai riƙa kawo mata kuɗin cefane ba sai ta zauna jiran aike daga 'ya'ya ba. Da kwasarta ta zo a adashi, sai ta sa aka share tsohon madafi, aka fasa masa babbar taga aka buga raga, ta sayi 'yan tsaki 40 'yan kwana ɗaya, jajayen nan masu ƙwai da muke kira kajin gidan gona. A makon farko na watan Yuli ke nan. Uku suka mutu tun suna ƙanana, saura 37 suka tashi.

Wanda bai taɓa kiwon irin waɗannan kaji ba, ba zai gane nauyin wata na biyar ba. Kazar Hausa tana tsince-tsincenta a tsakar gida, ta ci tsaki, ta ci gara, ta bi gindin turmi. Ta yi ƙwai ko ba ta yi ba, babu mai bin ta bashi. Ta gidan gona kuwa komai sai an saya. Sagarar da ta kai mako 18 takan ci giram 80 zuwa 90 a yini, wato kaji 37 za su tashi da buhu mai kilo 25 cikin kwana takwas. Suna ci, ba sa mayar da komai sai kashi. Ga zubin adashi bai tsaya ba don Goggo ta riga ta kwasa, ai bayan kwasa ne ma zubi yake ciwo. Ga mai sayar da abincin kaji ya ba ta buhu biyu bashi. Ga mai shayin bakin layi da ta yi wa alkawarin ƙwai, duk ranar da ta gifta sai ya ɗago daga kan tukunyarsa ya ce, "Hajiya, yaya mutanen namu, sun fara kuwa?"

A tsakiyar Nuwamba na je gaishe ta, wata Asabar. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Kai ɗan nan, kai da kake koya wa 'ya'yan mutane aikin gona a makaranta, tashi ka duba mini kajin nan. Wata huɗu da rabi ke nan. Na maƙwabta wata huɗu ba su cika ba suka fara. Ko dai baki aka yi musu?"

Sagarar da ta kusa farawa ba ta ɓoyuwa. Zankonta zai cika ya yi ja wur, fuskarta ma haka. Idan ka kai hannu bayanta, maimakon ta gudu sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fukafukai. Za ta riƙa ƙyarƙyara tana leƙa lunguna kamar mai neman abin da ta manta inda ta ajiye. Akwai kuma wasu ƙasusuwa biyu masu tsini a gefen mafitar ƙwai: idan yatsa biyu ko uku suka shige tsakaninsu, ƙwai yana hanya. Na kamo na Goggo guda uku na taɓa, yatsa ɗaya ne ke shiga, zankayen kuma ƙanana, launinsu a koɗe. Muka aiki jikanta ya aro sikeli wajen mai shinkafa, muka riƙa saka su cikin bokiti muna ɗorawa. Mafi yawansu ba su kai kilo ɗaya da giram 300 ba, alhali irinsu a wannan lokaci ya kamata a ce sun doshi kilo ɗaya da rabi. Da na leƙa mazubin abinci sai na ga dalili. Goggo tana cakuɗa musu dusar masara don buhu ya yi auki.

Na ce, "Goggo, ba baki ba ne. Abu biyu ne, abinci da rana."

"Rana kuma? Ai rana ba ta taɓa su, a inuwa suke."

"Ba zafinta nake nufi ba, tsawonta."

Ta yi mini irin kallon da ake yi wa yaron da boko ya yi wa yawa, ta tashi duba tukunya.

Abin da na so in bayyana mata a ranar shi ne, tsuntsu ba da ido kaɗai yake ganin haske ba. Kowa ya taɓa ɗora yatsunsa a kan tocila ko fitilar waya cikin duhu, ya ga naman ya yi ja, hasken ya ratsa shi. Haka haske yake ratsa gashin kan kaza da fatarta da ƙoƙon kanta, wanda da ma ba shi da kauri, ya isa can cikin ƙwaƙwalwa, kuma jan haske ne ya fi iya wucewa. A can akwai wasu ƙwayoyin halitta masu jin haske. Idan yini ya yi tsawo sai su sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari, shi kuma ya tayar da wata 'yar gaɓa da ke maƙale a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar, ita kuma ta aika nata saƙon ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwai. Duk matar da ta taɓa gyaran kaza mai ƙwai ta ga wurin: curin gwaiduwa ne manya da ƙanana, wasu kamar goro, wasu kamar ƙwayar gero. Na ɓangaren hagu kaɗai ke aiki a jikin kaza, na dama yakan shanye tun tana ƙarama. Saƙon nan ne ke sa gwaiduwa ta fara cika, zanko ya yi ja, ƙasusuwan baya su buɗe.

Ba jiya aka gano wannan ba. A shekarar 1924 wani malamin jami'a mai suna William Rowan, a birnin Edmonton na ƙasar Kanada, ya kama wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura, ya zuba su cikin keji a bayan gidansa, ya rataya musu ƙwan lantarki, kullum yana ƙara musu 'yan mintoci bayan faɗuwar rana. Cikin irin sanyin da ke daskarar da ruwa, a lokacin da 'yan'uwansu suka daɗe da gudu kudu, sai ga jikin tsuntsayen nan ya shirya hayayyafa kamar lokacinta ya zo. Ya buga sakamakon a 1925. Bayansa, a shekarun 1930, wani Bafaranshe mai suna Jacques Benoit ya nuna cewa ko idon agwagwa ba ya aiki, muddin haske ya isa ƙwaƙwalwarta, jikinta zai amsa.

Idan ka zauna ka yi tunani, akwai hikima babba a ciki. Tsuntsu yana so ya ƙyanƙyashe 'ya'yansa a lokacin da abinci ya wadata, kuma dole ya fara shiri makonni kafin lokacin. Da me zai dogara? Ruwan sama yana yaudara. Sau nawa ya sauko a watan Mayu, manomi ya yi shuka, ya ɗauke kwana ashirin iri ya ƙone? Zafi da sanyi ma haka suke, bana daban, bara daban. Tsawon yini ne kaɗai ba ya saɓa alkawari. Ranar 21 ga Yuni ta bana daidai take da ta bara, daidai take da ta zamanin da ake gina ganuwar Kano.

Ga sagara mai tasowa kuwa, yawan awoyin ba shi ne gaba ba, inda suka dosa shi ne gaba. Wadda ta girma yini yana ƙaruwa mako bayan mako, jikinta yakan ɗauka cewa lokacin wadata na tafe, sai ta balaga da wuri. Wadda ta girma yini yana raguwa sai ta ja ƙafa. Kajin Goggo an ƙyanƙyashe su ne mako biyu bayan yini mafi tsawo na shekara, saboda haka tun da suka zo duniya kowane mako ya fi na bayansa haske. Na maƙwabciyarta kuwa a watan Janairu aka kawo su, suka tashi rana tana miƙewa. A nan wajenmu wannan bambanci ba ya wuce jinkirin mako ɗaya ko biyu, kuma in za a faɗi gaskiya dusar nan ta fi rana laifi a wajen kajin Goggo. Sai dai mako biyu a wajen mai buhu biyu na bashi ba wasa ba ne.

Inda abin yake fitowa fili shi ne ƙasashen sanyi. Yayana yana zaune da iyalinsa a wani ƙauye kusa da Leeds, a arewacin Ingila. A watan Yuni yininsu yakan kai awa 17, yara su kwanta barci gari da haske. A Disamba kuwa awa bakwai da rabi ne, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Ya ce Azahar da La'asar da Magariba kamar suna taka dugadugan juna. Ya saya wa yaransa kaji huɗu, irin na gargajiyar can, waɗanda aka ƙyanƙyashe a Yuli kamar na Goggo. Suka cika wata biyar a cikin duhun Disamba, lafiyayyu, ƙosassu, ba abin da suka rasa, amma ko ƙwai ɗaya. Sai da Fabrairu ta yi nisa, yini ya fara miƙewa, sannan ya aiko mana da hoton ƙwai guda a tafin hannun 'yarsa. Ya ce masu kiwon bayan gida a can sun kasu biyu: masu sa fitila a akurki don su ci ƙwai da sanyi, da masu cewa a bar kaza ta huta kamar yadda aka halicce ta.

Daga irin waɗannan wurare ne mafi yawan shawarar da muke karantawa a waya take fitowa. Za ka ga an rubuta cewa kaza tana bukatar haske na awa 14 zuwa 16 kafin ta yi ƙwai. Mutumin Kano ya karanta, ya duba ya ga yininsu bai taɓa cika awa 13 ba tun da aka kafa garin, sai ya rasa yadda aka yi kajin kakarsa suka yi ta cika kasko da ƙwai. Amsar ita ce kaza ba ta da tsauri irin na tsuntsun daji na ƙasashen sanyi. Asalinta daga dazuzzukan kudu da kudu maso gabashin Asiya ne, ƙasashen zafi irin namu, sannan mutum ya shafe dubban shekaru yana zaɓar mai yawan ƙwai yana ajiyewa. Awa 12 sun ishe ta ta balaga ta fara. Awa 14 zuwa 16 ɗin nan na wanda yake so ya tatsi iyakar abin da kazar gidan gona za ta iya ne, wato ƙwai kusan 300 a shekara. Irinsu ISA Brown, ko Shika Brown da aka samar a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika kusa da Zariya, sukan fara tsakanin mako 18 da 22. Kazar Hausa kuwa sai ta yi wata shida ko fiye, ta zuba goma ko sha biyu, ta hau kwanci kwana 21, ta yi renon 'ya'yanta, sannan ta sake. Ita ba ruwanta da ƙwan lantarki; kwanci da reno ne ke cinye mata shekara.

Kuma in aka bi ta barauniyar hanya, mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ilmi, suna ne kawai ba mu raɗa masa ba. Kowane manomi ya san halin farfara da kaura. Ka shuka wata a farkon damina, ka shuka wata bayan mako uku, za su fitar da kai kusan tare, a lokacin da ruwa ya kama hanyar ɗaukewa. Ta farko dai za ta fi tsayi. Gero kwanakinsa yake ƙirgawa, ya cika su ya nuna, amma maiwa da dawar gargajiya sai sun ji dare ya fara tsawo. Masu bincike a Samaru sun daɗe da tabbatar da haka. Dawa tana jiran yini ya ragu, kaza tana jiran ya ƙaru, duka biyun kuma da 'yan mintocin nan namu da ba su cika awa ɗaya da rabi ba suke aiki.

Zabuwa ta fi kaza riƙe al'ada, watakila don ita 'yar ƙasa ce, a nan Afirka aka kamo ta daga daji. Ƙwan zabi kayan damina ne. Sai ruwa ya sauka za ka ga matan Fulani da ƙwarya cike da shi a kasuwar ƙauye, yara kuma suna yawo da dafaffe a tasha da ɗan ƙullin yaji. Da kaka ta yi, sai ya ɓace kamar an share. A wajenta abubuwa uku ne ke zuwa tare: yini ya yi tsawo, ƙasa ta jiƙe, ƙwari da ɗanyar ciyawa sun wadata.

Mu koma kan maƙwabciyar Goggo, domin a wajenta rigimar take. Ita ce ta ce wa Goggo maganin abin ba wuya, ta rataya babban ƙwai a ɗakin kaji ta bar shi har safe, cikin mako biyu za ta sha mamaki. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Nata kajin suna da wata uku wani muzuru ya addabe su, sai ɗanta ya kafa mata babbar fitilar sola, irin ta kan titi, tana haska tsakar gida da ɗakin kajin tun Magariba har wayewar gari. Kaji masu mako 13 suka tashi daga awa 12 zuwa yinin da ba ya ƙarewa. A mako na 16 suka fara.

Abin da ba ta faɗa ba, 'yarta ce ta faɗa, ranar da ta shigo ɗibar ruwa a rijiyar Goggo ina zaune. Ƙwan farko-farko ƙanana ne kamar na tantabara, mai shago ya ƙi saye a farashin kiret. Can kuma sai wata ta yi ƙato mai gwaiduwa biyu, wanda jikinta bai isa ya fitar ba, mafitar ta zazzago waje ja wur. Kaza kuwa ba ta ganin ja ta ƙyale, balle cikin haske mai ƙarfi da ba a kashewa. Kafin a ankara sauran sun yi mata rubdugu. Yarinyar ta ce sun ci naman kaza a watan nan har ya gundure su. Ta faɗa tana dariya, Goggo kuwa ba ta yi dariya ba.

Ƙwai ba ƙaramin aiki ba ne a jikin kaza. Guda ɗaya yakan ɗauki awa 24 zuwa 26, kuma kusan awa 20 daga ciki a wajen gina ɓawo suke tafiya, mafi yawa cikin dare. Kowane ɓawo yana cin kimanin giram biyu na sinadarin da ke gina ƙashi. Saboda haka ne, wajen mako biyu kafin ƙwan farko, sagara take tara wannan sinadari a cikin ƙasusuwanta, kamar mai cika rumbu kafin rani. Haske yana iya ba da umarnin a fara, amma ba ya ƙara wa kaza nama, ba ya faɗaɗa mata ƙugu, ba ya cika mata rumbun nan. Duhu ma yana da nasa aikin: faɗuwar dare ce ke saita lokacin da gwaiduwa ta gaba za ta sauko, shi ya sa yawancin ƙwai da hantsi ake tsintarsa. Bayan awa 16 ko 17, duk hasken da aka ƙara asara ce. Manyan gidajen gona suna da ƙa'ida biyu da ba sa wasa da su: ba a ƙara wa mai tasowa tsawon yini, ba a kuma rage wa mai yin ƙwai.

Goggo ta saurari duk wannan tana tsince wake. Da na gama ta ce, "Na ji. To amma ɗan nan, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Mai abinci ba zai karɓi bayani ba."

Ban ga laifinta ba. Abu ne mai sauƙi mai albashi ya ce wa mai bashi ya yi haƙuri. Na kuma lura cewa masu ba da shawarar kiwo, har da mu malaman makaranta, mukan yi magana kamar kowa yana da ɗakin da ake rufewa ruf, da injin wuta, da na'urar da ke kunna fitila ta kashe da kanta. Goggo tsohon madafi gare ta, da taga mai raga, da wutar da ke zuwa ranar da ta ga dama. Irin wannan wuta kuwa ta fi rashinta illa ga kaza: yau yini awa 20 don an kawo wuta an manta ba a kashe ƙwai ba, gobe da jibi awa 12 don an ɗauke. Mai yin ƙwai idan aka yi mata haka tana iya ja baya, wata ma ta fara zubar da gashi ta tsaya cak.

Muka yi ciniki kamar a kasuwa. Ni zan ɗauki nauyin buhu biyu, ita kuma za ta daina zuba dusa, ta ba su abincin zalla har mako biyu. In sun hau sikeli sun kusa kilo ɗaya da rabi, sai a kawo haske, amma ba na dare duka ba, kuma ba da wutar gari ba. 'Yar fitilar sola muka saya, mai hasken ruwan ɗorawa, muka rataya a tsakiyar ɗakin. Ta ce wannan 'yar abar ce za ta yi? Na ce ta shiga da takardar kuɗi, in tana iya karanta lambar da ke jiki a daidai tsayin kan kaji, ya wadatar.

Da asuba muka tsara a ƙara, ba da dare ba. Kazar da aka kashe wa fitila farat ɗaya cikin dare takan rasa inda za ta kwanta, su hau kan juna. Amma in da asuba ne, fitila za ta miƙa su ga rana, yamma kuma ta sauko musu a hankali yadda suka saba. A ƙarshen Nuwamba aka fara, ƙarfe biyar da rabi. Mako na gaba ƙarfe biyar, na gaba huɗu da rabi, har aka tsaya a ƙarfe huɗu, wanda ya ba su awa 14 da 'yan kai. Wannan bai zame wa Goggo aiki ba, don da ma ta riga ladan tashi. Ta ce in ta fito alwala sai ta biya ta danna musu, ta zuba abinci, ta shimfiɗa dardumarta tana jin ƙarar bakunansu a jikin mazubi.

A mako na biyu na Disamba, ina cikin aji, wayata ta yi ta ruri a aljihu. Da na fito na kira, ba ta ko amsa gaisuwa ba.

"An samu. Guda ɗaya, a lungun bayan ƙofa. Akwai ɗan jini a jiki, ba komai ko?"

"Ba komai, Goggo, na fari yakan zo haka. Ki dai duba bayanta, in ba abin da ya fito shi ke nan. Nawa za ki sayar mini?"

"Kai tafi can. Na fari ba a sayarwa."

Almajirin da ke yi mata shara ta dafa wa. Kwana uku bayan nan aka samu huɗu, sannan tara, sannan aka daina kira na. Zuwa ƙarshen Janairu tana cika kiret guda a yini, wata rana da ɗoriyar ɗaya ko biyu, mai shayi kuma ya koma aiko yaronsa da hantsi. Bashin mai abinci ya fita a Fabrairu. Da zafin Afrilu ya zo, lokacin da kaji ke buɗe baki suna haki su ƙi cin abinci da rana, sai fitilar ta yi wani amfanin da ba don shi aka saye ta ba: suna cika ciki tun ƙarfe huɗu, gari da sanyi-sanyinsa, saboda haka ƙwan bai ragu sosai ba, ɓawon ma bai yi laushi irin na wasu ba.

Sai dai wanda ya fara kunna fitila ya ɗaura wa kansa igiya, tunda ba a rage wa mai yin ƙwai yini. Bayan ƙaramar salla aka yi bikin wata jikar yayarta a Gumel, dole Goggo ta kwana uku a can. Ta bar wa jikanta, ɗan shekara 15, amanar kaji, ta maimaita masa ƙarfe huɗu har sau uku tana riƙe da kunnensa. Ni aka ce in riƙa kwana a gidan. Daren farko, huɗu saura minti biyar, wayar yaron ta fara kuka a ƙarƙashin matashi. Bai motsa ba. Ta katse, ta sake. Sai tawa ta ɗauka.

"Ɗan nan, kuna ina? Ka tashe shi. A'a, bar shi ma, tashi kai ka danna. Ka bar wayar a kunne in ji sun sauko."

Na fita cikin duhu da takalmi ɗaya nawa ɗaya na yaron, na lalubi madannin, na miƙa wayar ta cikin raga. Daga can Gumel, a bayan muryarta, ina jin matan biki suna ta munshari.